Kiranye Kafin Teku

Kubura ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba. Ranar suna, tana ɗakin mahaifiyarta a Katanga inda ta je goyon ciki, ta ji maroƙi ya sanar da shi daga ƙofar gida, ta sunkuyar da kai ta haɗiye shi, kuma tun daga ranar bai fito daga bakinta ba. Kunyar ɗan fari ce. Haka ta tarar da uwarta tana yi, haka kakarta ta yi, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce ga dalili. Yaron ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya taɓa faɗowa daga kan jaki ya karye a hannu har aka kai shi wurin masu ɗori, tana tsaye tana jin ihunsa, amma ko a ranar "kai" kawai ta iya ce masa. In tana zancensa da mutane sai ta ce "yaronga". Da ta haifi ƙanwarsa Ihsan sai ta samu sauƙi, ya koma "yayan Ihsan". Ni dai ba ni na haife shi ba, don haka zan iya gaya muku: sunansa Ridwanu.

Ridwanu ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo Aliero ya tarar da mahaifinsa, Malam Atiku, a kwance. Bayan rasuwar ya tsaya ya yi noman albasa na rani guda, ya kwashe, ya cika rudu, rumfar karan nan da ake jibge albasa a kai ta sha iska har ta yi tsada. Kowa ya ce to, yaro ya gaji ubansa, saura aure. Sai ga shi wata rana ya dawo daga Sakkwato da wata jakar goyo mai igiyoyi ta ko'ina, wadda in ya saɓa ta take wuce ƙeyarsa. Ya same ta a tsakar gida tana dakan gabu, ganyen albasar da take kirɓawa ta dunƙula ta shanya ta sayar wa masu miya. Ya durƙusa daga gefe.

"Inna, tahiya za ni yi."

"Ci-rani?"

"A'a."

"Karatu ka koma samu?"

"A'a, Inna. Yawon buɗe ido."

Ta dakatar da taɓarya ta dube shi sama da ƙasa. "Da can ruhe shike?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ya ce tun yana ƙarami yake ganin tireloli suna ɗaukar albasar garin nan suna yin yamma da ita, yana so ya ga inda take ƙarewa, in ya gani kuma ya wuce gaba. Ba kuɗi gare shi ba, ba ya kuma bukatar masu yawa. Zai hau saman buhuna, ya kwana a zangon Hausawa, inda ya samu aiki ya yi a ba shi abinci da wurin kwana, inda ya gaji ya tsaya. Ta tambaye shi abin da zai sayo, ya ce ba komai. Abin da zai sayar, ya ce ba komai. Ta ce to yaushe zai dawo, ya ce in ya gama gani.

Da wata uwar ce ta ɗora hannu a ka. Amma wadda ba ta iya kiran sunan ɗa, ina za ta iya buɗe baki ta ce masa zauna, ba na son ka yi nisa da ni? Ta ce Allah ya tsare, ta ci gaba da dakanta. Ta ɗaura masa ƙuli-ƙuli da yaji da gabu a leda, ta tura a aljihun jakar yana masallaci. Ranar tafiyar ba ta raka shi ko zaure ba. Ta tsaya a bakin madafa ta juya masa baya tana kankare tukunyar da ta riga ta wanke, har ta daina jin takunsa.

A Aliero an san tafiya iri huɗu: fatauci, ci-rani, neman ilimi da aikin hajji. Ta biyar ma tana da suna, yawon duniya, kuma babu uwar da take so a liƙa wa ɗanta shi. Don haka in mata suka zo sayen gabu suka fara 'yan tambaye-tambayensu na masu son jin ƙwaƙwaf, Kubura takan ce, "Ya bi albasa." Ba ƙarya ta yi ba, ba ta dai ƙarasa ba ne.

Ya bar mata babbar waya, ya koya mata inda ake dannawa a saurari murya da inda ake dannawa a mayar. Ta nan ta riƙa bin sa. Daga ƙasar Binin ya turo hoton kansa a saman tirela, ya naɗe fuska da rawani. A Kumasi ya yi wata guda yana sauke buhuna. A Ankara ta Gana ya fara ganin teku, ya riƙe mata wayar a bakinsa don ta ji ƙugin, ita kuwa ta ɗauka wayar ce ta lalace. A Abijan ya samu wani masauki na masu irin jakarsa, Turawa da wasu masu ƙananan idanu da baƙaƙe irinsa, suna kwana gado bisa gado, yana yi musu wanke-wanke a madadin kuɗin ɗaki. Ɗan da ta yi wa dakan gabu ya yi digiri, ga shi can yana wanke kwanon da wani ƙato ya ci taliya. Ya rame, ya yi baƙi, takalminsa ya sha ɗinki. Amma a kowane hoto haƙoransa a waje suke har na ƙurya, kuma Kubura ta lura, ba da son ranta ba, cewa ba ta taɓa ganin wannan dariyar a Aliero ba.

Saƙonsa yakan yi tsawo, nata gajere ne. "Kai, ka ci abinci? To, Allah shi yi albarka." Daga nan sai ta ajiye wayar a kan faifai ta sake kunna nasa, ta kuma sakewa, har sai cajin ya mutu.

Aka kwashe albasa sau biyu ba ya nan, aka fara yayyafa irin ta uku. Ihsan tana gidan mijinta a Jega. Gidan ya yi wa Kubura girma. Kewa ce, ba wani abu ba, irin wadda take sa mutum ya tuƙa tuwon mutum biyu ya tuna sai bayan ya kwashe. Tana kewar gyaran muryar da yake yi a zaure kafin ya shigo, da yadda yake barin bokiti a tsakiyar hanya kullum sai ta yi tuntuɓe da shi ta yi faɗa. Yanzu bokitin yana inda ya kamata, kuma ta tsani ganinsa a wurin. Tana son ɗanta ya dawo. A ranta ta faɗi wannan sau babu iyaka, a fili ko sau ɗaya.

Wadda ta fara ganewa ita ce Gwaggo Zulai, yayar marigayi Malam Atiku, wata tsohuwa mai kaifin ido da kaifin harshe da take aure a Liba ta ƙasar Maiyama. Kubura ta je can bikin suna, Zulai ta ja ta ƙuryar ɗaki ta kama tsintsiyar hannunta ta jijjiga.

"Dubi yadda kinka koma. Yaronga na ka cin ki. To ki zamna kunya ta kashe ki. Mi ya hana a yi mishi kiranye?"

Kubura ta san kalmar, kowa ya san ta, amma ba ta taɓa ganin an yi ba. Zulai ta zayyana mata. A samo sabon tulu wanda bai taɓa shan ruwa ba, ita za ta san abin da za ta tofa a ciki. Da sassafe, kafin uwa ta yi magana da kowa, ta hau wani abu mai tudu ta fuskanci inda ɗan ya nufa, ta sa bakinta a bakin tulun ta kira shi sau uku da sunansa na yanka, sannan ta kife tulun. Ko me yake yi zai ajiye. Ba zai iya ci ba, ba zai iya barci ba, sai ya ga ƙofar gidansu.

"Sai dai abu guda," in ji Zulai, ta ɗaga yatsa. "Wanda anka kira ba ya ratse, miƙe shika tahowa. In akwai ruwan da babu gada tsakaninku, ciki za shi hwaɗa. Ki tabbata tukuna."

Sharuɗɗa biyu ke nan, ruwa da suna. Kubura ta yi abin da mutane suke yi in an ba su aiki biyu, ta ɗauki mai sauƙin ta ture mai wuyar gefe kamar ba ta ji shi ba.

Daga nan saƙonta ya ƙaru da tambaya ɗaya. "Kai, akwai ruwa nan wurinku?" Lokacin yana Gini. Ya amsa da murna cewa ruwa kam, Inna, kamar da bakin ƙwarya, kwana da kwanaki bai ga rana ba, har ya turo mata bidiyon indararo. Ta yi tsaki ta sake tambaya bayan mako guda. Wannan karon ya ɗauka tsoron kwalara take yi, ya nuna mata gorarsa ya rantse ba ya shan na rafi. A karo na uku ya ce ai ko alwala bai taɓa rasa ruwanta ba, kada ta damu da sallarsa. Yaro da digirinsa, ya amsa tambaya uku ba ko ɗaya da aka yi masa.

Sai ta yafa mayafi ta tafi kasuwar albasa ranar lodi, ta nemi Bature, ɗan maƙwabtansu da ya shekara goma sha yana jan tirela zuwa Gana. Ta same shi a inuwar motarsa yana jiran 'yan dako su gama. Ta ce ya gaya mata hanyar yamma, gari bayan gari, da duk ruwan da ake ƙetarewa.

"Inna Kubura, tuƙi za ki koya in sauka in ba ki?"

"Kai dai hwaɗa mini."

Ya ga ba wasa a fuskarta. Ya jawo albasa daga wani fasasshen buhu ya jera a ƙasa. Wannan Binin, wannan Togo, wannan babbar Gana, wannan mai tsiro Abijan. Kogin Kwara akwai gada, babban ruwan Gana akwai gada. Gaba da Abijan shi bai taɓa zuwa ba, amma ya kira wani abokinsa a waya, suka ƙara albasa huɗu a layin, abokin ya ce ko kogin Gambiya yanzu an yi masa gada, in mutum ya bi titi ƙafarsa ba za ta jiƙe ba. Kubura ta durƙusa tana bin layin da ido. Ita da iyakar tafiyarta Birnin Kabi, ga ta tana haddace ƙasashe da albasa. Bature ya ajiye ta ƙarshe, wata 'yar ƙarama, can nesa da sauran.

"Wagga ita ta Dakar. Nan ƙasa tat tsaya. Gaba sai teku, shi kam ba shi da gada, ba shi da tsallake."

Ta koma gida da sanin cewa hanya a buɗe take, amma ba ta sayi tulu ba. Ta ce bari a ga bayan salla, ƙila ya gaji da kansa. Salla ta wuce. Ta ce bari a yi dashen albasa.

Ana cikin dashen saƙon ya zo. Muryarsa har rawa take yi don daɗi. Yana Dakar. Ya haɗu da wani tsoho da matarsa masu ƙaramin jirgin ruwa da iska take turawa, suna neman wanda zai yi musu girki ya ja igiya, ba za su karɓi ko sisi ba. Za su tafi wasu tsibirai can tsakiyar teku, in iska ta yi kyau daga nan su ƙetare gaba ɗaya zuwa ɗaya gefen duniya. Ranar Asabar za su tashi. Ya ce a kan ruwa babu waya, kada ta ji shiru ta tsorata.

Kubura ta saurara sau ɗaya tak, ba ta sake kunnawa ba. In ya hau ruwan nan, ƙofa ta rufe. Ba ta da damar kira sai ranar da ya ga dama ya sauko, in ya sauko. Washegari ta shiga motar Jega, ta wuce layin masu tukwane ba ta ko biya gidan Ihsan ba, don ta san mijin Ihsan zai ce wannan ba ya cikin addini, kuma ba ta da ƙarfin gardama. Ta zaɓi tulu ɗan madaidaici, ta ƙwanƙwasa ta ji ba tsaga, ta biya abin da aka faɗa ba ta taya ba. Mai tulun har ta bi ta da kallo. Daga nan ta shiga motar Maiyama, ta hau babur zuwa Liba.

Zulai ta karɓi tulun ta shiga ɗaki da shi, ta jima, ta fito ta ɗaure bakinsa da farin ƙyalle. Ta ga Kubura tana jinkirin karɓa, ta ɗauka shakka take yi ko abin zai ci, sai ta zauna ta ba ta hujja.

"Ki kwantar da hankalinki, abinga shina ci. Da idona nig gani. Ai haka anka yi wa Atiku."

"Wane?"

"Mijinki mana, akwai wani? Shina Kumasi, ya buɗe rumhwar goro, shekara shida ko saƙo sai an roƙa. Innarmu ta hau bisa turmi tat kira shi. Wallahi bai cika mako biyu ba sai ga shi, da buta ga hannu, ko rumhwar bai ruhe ba. Ya zamna kwanaki ba ya magana, daga baya yas saki jiki, anka nema mishi aurenki. Kin gani ai, ya koma hita? Har yab bar duniya ko Kamba nan bakin iyaka bai koma zuwa ba."

Tana faɗa tana murmushi, ita a ganinta labarin nasara take bayarwa. Kubura ta ce to, ta gode, ta ɗauki tulunta.

A mota ta rungume shi a cinya, tana kallon gonaki suna wucewa ba ta ganinsu. Shekara talatin ta yi da Malam Atiku. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai taɓa barin ta da yunwa ba. Amma duk ranar lodi yakan tafi kasuwar albasa ko ba shi da buhu ko ɗaya a ciki, ya taya direbobi ɗaure igiya kyauta, ya zauna a benci har motar ƙarshe ta tashi, ya dawo ya ɗan taɓa tuwo ya ture. Wani lokaci takan ji shi a bayan gida yana yi wa awaki magana da wani yare da ba ta sani ba, in ya ji motsinta ya yi shiru. In tana yi masa hira yakan dube ta da kulawa, ya gyaɗa kai inda ya kamata, amma kullum tana jin kamar ta ƙwanƙwasa ɗaki ne mai ɗakin ya ɗan fita. Ta ɗauka halinsa ne. Ta ma sha zargin kanta, ko ita ce ba ta iya zama da miji ba. Ashe an kira shi ne, ya zo. Abin ya yi mata ciwo, ta ji tausayinsa, ta ji tausayin kanta, ta share ido da bakin mayafi kafin na kusa da ita ya gani.

Duk da haka ba ta jefar da tulun ba. Kada ku ɗauka sanin gaskiya yana kashe kewa. Ta ce a ranta, to ko rabin ɗa ne ai ya fi babu, ko ba komai zai yi gyaran murya a zaure.

Safiyar Juma'a, bayan ta idar da sallar asuba, ba ta ce wa kowa uffan ba. Gari ya fara haske. Ta kife turmin gabu a tsakar gida, ta dafa bango ta hau, gwiwoyinta suna ƙara. Ta juya wa gabas baya. Ta kwance ƙyallen, ta ɗaga tulun da hannu biyu ta sa bakinta. Ƙamshin sabuwar ƙasa ya bugi hancinta, numfashinta ya shiga ciki ya dawo mata da ɗumi. Ta buɗe baki. Harshenta ya tashi ya taɓa dasashi inda harafin farko yake, ya tsaya a nan.

Ta sauke tulun ta huta, ta sake ɗagawa. A zuci ta ga Ridwanu ya shigo da jakar nan, ko ma babu jakar, ya bar ta can bakin teku. Ta gan shi ya zauna, ya yi aure, ya yi noma, mutane suna yaba hankalinsa. Ta gan shi ranar lodi a kan benci. Ta tsaya a haka har kaji suka fito, har rana ta taɓa saman rudu, hannayenta suka gaji. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce lafiya, Kubura, me kike nema a sama? Ta ce iska take sha. Ta yi magana ke nan, sharaɗi ya karye, kuma ta ji wani sauƙi da ba ta yi tsammani ba. Ta sauko ta ajiye tulun a gindin randa.

Amma sauƙin bai kai hantsi ba. Gobe Asabar. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta ɗauki wayar tana juya ta. In dai sai an kira sunan nan, to me ya sa za ta kira shi a cikin tulu, inda yaron ba shi da bakin amsawa? Ga kunnensa nan a tafin hannunta. Gara ta kira shi yana cikin hankalinsa, ya ji, ya san wadda ta kira. Ba ta taɓa buga masa da kanta ba, kullum saƙo take bari. Ta danna.

Ya ɗauka da sauri. Iska tana kaɗawa a wayar, wasu tsuntsaye suna ta kuka, ƙarfe yana bugun ƙarfe.

"Inna! Ke da kanki? Lahiya dai?"

"Lahiya lau. Ka tashi lahiya?"

Ya ce lafiya ƙalau, yana cikin jirgin ma yanzu, suna loda ruwan sha da shinkafa. Ya shiga ba ta labari yana haɗa wannan da wancan: ɗakin girkin bai fi faɗin tabarma ba, murhun ma lilo yake yi don kada tukunya ta kife, ya koyi ƙulli kala-kala, tsohon ya ce da dare taurari suna sauka har su taɓa ruwa, akwai kifayen da suke tashi sama su faɗo cikin jirgi da kansu. Yana magana yana dariya. Ta bar shi ya yi ta yi, tana riƙe da wayar da hannu biyu. Da ya tsaya jan numfashi sai ta rufe ido.

"Ridwanu."

Sunan ya fito a hankali, amma ya fito duka, ba harafin da ya maƙale. Ita kanta ta ji baƙon abu a bakinta, mai nauyi, mai daɗi. Kunya ta rufe ta tun daga ƙafa har ka, ta ja mayafi ta rufe fuska alhali ba kowa a gidan.

Can ɓangaren dariyar ta ɗauke. Iska kawai take ji da kukan tsuntsayen. Ta ji ya ja numfashi, ya sake ja, ta ji ya ja hanci. Ɗan da uwa ta kira da sunansa, amsa ɗaya gare shi. In ya ce na'am, to ya sauke jakar ke nan, shi ya sani, ita ma ta sani. Ta jira. Ba ta taɓa son wani abu a duniya kamar yadda take son wannan na'am ɗin ba.

"Inna," ya ce, muryar ta yi ƙasa sosai. "Iska ta yi yawa nan. Ban ji mi kinka ce ba."

Ita ta haife shi. Ta san muryarsa in yana faɗin gaskiya, ta san ta in ya sha mata nonon fura ya ce mage ce. Ya ji sarai. Ba raini ba ne kuma, roƙo ne. Ya ajiye maganar a gabanta, in ta maimaita zai amsa, ba zai iya yin kurma sau biyu ba. Zai sauka daga jirgin nan yau, ya ba tsohon haƙuri, ya bi titi ƙasa bayan ƙasa har ƙofar gida. Sunan yana nan a kan harshenta, yanzu da ya san hanya ba zai yi wuyar fita ba. Ta haɗiye shi. Hawaye suka gangaro suka shiga bakinta.

"Na ce Allah shi tsare hanya."

"Amin, Inna." Muryar ta karye a tsakiya. "Amin."

Bai kashe ba, ita ma ba ta kashe ba. Tana jin numfashinsa, tana matse wayar a kunne har ya yi zafi. Can daga nesa a cikin jirgin wata baƙuwar murya ta mace ta ƙwala masa kira da sunansa, sau biyu a jere, kamar ba wani abu ba. Kubura ta ji ya amsa.